Saita taimin ɗin wuta a injin tsohuwar mota

Saita taimin ɗin wuta shi ne daidaita lokacin da fulogi zai ba da tartsatsi a cikin silindar injin fetur, domin haɗin mai da iska ya kama a lokacin da zai fi tura fistin da ƙarfi. Ana auna wannan lokaci da digiri na juyawar karanshaf, a ƙirga daga inda fistin yake kai ƙarshen hawansa. A motocin zamani kwamfuta ce take wannan aiki. A tsofaffin motoci masu distiributa kuwa, irin su Peugeot 404 da 504 da J5 da Volkswagen Beetle, bakanike ne yake saita shi da hannu, kuma saitin yakan goce da kansa yayin da kayan wuta suke cinyewa. Har yanzu irin waɗannan motoci suna aiki a arewacin Jihar Kaduna, ciki har da ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, inda suke jigilar fasinja da amfanin gona. Kuskuren digiri kaɗan yana iya sa mota ta riƙa shan mai fiye da kima, ko ta ɗauki zafi, ko fistin ya lalace.

Suna da ma'ana

Kalmar taimin aro ce daga Turanci, kuma a bakin kanikawa tana da ma'ana biyu. Ta farko ita ce taimin ɗin bawul, wato daidaiton da ke tsakanin karanshaf da kamshaf, wanda bel ko sarƙa ke riƙe da shi. Ta biyu ita ce taimin ɗin wuta, wanda ake gyarawa ta hanyar murɗa distiributa. Idan na farko ya goce, babu murɗin distiributa da zai gyara shi.

Idan tartsatsi yana zuwa da wuri, akan ce wuta ta yi gaba. Idan yana makara, akan ce ta yi baya. Wurin da fistin yake tsayawa a can sama kafin ya juyo shi ne ƙololuwa, kuma littattafan gyaran mota suna taƙaita sunansa da haruffan TDC. A Jamhuriyar Nijar, inda sunayen kayan mota suka shigo ta Faransanci, fulogi shi ne buji, distiributa kuma delko, daga sunan kamfanin Delco na Amurka.

Akwai kuma kalmomi biyu da ake rikitawa. Idan direba ya ce injinsa ya buga, yana nufin injin ya lalace gaba ɗaya, sai an sauke shi. Wannan daban yake da ƙwanƙwasa, wato siririyar ƙara kamar ta tsakuwa a cikin gwangwani da ake ji idan an taka totur. Ƙwanƙwasa gargaɗi ce. Idan aka yi biris da ita tana iya kai inji ga bugawa.

Dalilin da ya sa wuta take riga fistin

Injin fetur na mota yana aiki da zango huɗu, tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya tabbatar a shekarar 1876. Fistin yana sauka ya shaƙo mai da iska, ya hau ya matse su, wuta ta kama ta turo shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Karanshaf yana juyawa sau biyu kafin zangon huɗu su cika.

Mai ba ya ƙonewa nan take. Harshen wuta yana tasowa daga bakin fulogi ya bazu zuwa gefen silinda, kuma hakan yana ɗaukar wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 1,000 na daƙiƙa. Abin da ake so shi ne matsin ya kai ƙarshen ƙarfinsa jim kaɗan bayan fistin ya wuce ƙololuwa, kimanin digiri 10 zuwa 20 bayanta. Don haka dole a kunna wutar tun fistin bai ƙarasa hawa ba.

Gwargwadon gudun inji, gwargwadon yadda wuta za ta ƙara yin gaba. Idan inji yana juyi 800 a minti, karanshaf yana cin kusan digiri 5 a cikin kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa. Idan yana juyi 3,000, yana cin digiri 18 a cikin wannan lokaci. Shi ya sa injin da yake buƙatar digiri 5 zuwa 10 kafin ƙololuwa a silo yakan buƙaci sama da digiri 30 a babban gudu. Abin da bakanike yake saitawa shi ne adadin farko. Ƙarin da ake samu a kan hanya aikin distiributa ne.

Kayan da ke ba da wuta

Batir yana ba da volt 12, wanda bai isa ya tsallake tazarar bakin fulogi ba. Kwayil ne yake ɗaga shi zuwa volt 15,000 ko fiye. Kwayil yana sakin wannan wuta ne a daidai lokacin da aka yanke masa lantarki, kuma abin da yake yankewar shi ne kontak, wasu ƙananan baki biyu na ƙarfe a cikin distiributa da suke buɗewa suna rufewa. Saboda haka lokacin da kontak ya buɗe shi ne lokacin tartsatsi. Kwandensa tana hana bakin kontak ƙonewa, rota kuma yana juyawa a ƙarƙashin murfin distiributa yana miƙa wutar ga wayar kowane fulogi bi da bi.

Distiributa yana juyi ɗaya ne a duk juyi biyu na karanshaf. Wannan yana nufin idan aka murɗa jikinsa da digiri 1, taimin ya motsa da digiri 2. Motsin da ido da ƙyar yake gani ya isa ya sauya halin mota.

A cikin distiributa akwai abubuwa biyu masu tura wuta gaba. Na farko ƙarafa ne biyu masu nauyi da sifirin ke riƙe da su, waɗanda suke buɗewa idan gudu ya ƙaru. Na biyu wani ɗan gwangwani ne a gefe, mai fatar roba a ciki, wanda siririn tiyo yake haɗa shi da kafireta. Idan mota tana tafiya ba nauyi, zuƙar inji tana jan fatar ta ƙara tura wuta gaba, wanda ke rage shan mai. Idan aka taka totur sosai zuƙar tana raguwa, wutar ta koma baya don kada inji ya yi ƙwanƙwasa.

Tarihi

A motocin farko direba ne yake saita wuta da kansa yana cikin tafiya. Ford Model T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, tana da ɗan hannu a jikin sitiyari don wannan aiki. Kafin a tayar da ita da hannu sai an mayar da wuta baya, in ba haka ba ƙarfen tayarwar yana iya dawowa ya karya wa mutum hannu. Tsarin batir da kwayil da kontak ya fito ne daga Charles Kettering da kamfaninsa Delco na birnin Dayton, kuma ya fara fita a motar Cadillac ta 1910. Shi aka ci gaba da amfani da shi a yawancin motocin fetur har shekarun 1970, lokacin da na'urar lantarki ta fara maye gurbin kontak.

A Najeriya, kamfanin Peugeot Automobile Nigeria ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna a 1975, shekarar da Volkswagen ma ya fara a Legas. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Faransa. Wannan ne ya sa kayan gyaranta suka wadata a arewa, kuma kanikawa da dama a ƙasar Zazzau a kan injinta suka koyi sana'a.

Shi ma fetur ya sauya. A da ana zuba masa sinadarin dalma don ya jure matsi ba tare da ƙwanƙwasa ba. Saboda illar dalma ga lafiya, ƙasashen Afirka ta kudu da Sahara sun amince a taron Dakar na 2001 su daina, kuma zuwa farkon 2006 an daina sayar da shi a yankin. Adadin da ke cikin littafin tsohuwar mota an rubuta shi ne don man wancan zamani, shi ya sa ake ɗaukarsa mafari, a tabbatar da shi da gwaji a kan hanya.

Alamomin gocewar taimin

Idan wuta ta yi gaba da yawa, matsin yana haɗuwa da fistin tun yana hawa. Ana jin ƙwanƙwasa a hawa ko da kaya, mota tana wuyar tashi idan ta yi zafi, kik yana yi kamar batir ya yi sanyi. Idan abin ya daɗe, zoben fistin yana karyewa, gasket yana ƙonewa, wani lokaci kan fistin ya huje.

Idan wuta ta yi baya, mai yana ci gaba da ƙonewa bayan fistin ya yi nisa da sauka. Mota tana yin nauyi, direba yana ƙara taka totur, mai yana tafiya. Zafin da ya kamata ya zama ƙarfi yana fita ta salansa, ruwan lagireto ya tafasa, bawul ɗin hayaƙi ya ƙone.

A injin mai kontak, taimin yawanci baya yake gocewa. Ɗan dunduniyar da ke goga jikin sandar distiributa yana cinyewa a hankali, tazarar kontak ta ragu, buɗewarsa ta makara. Saboda raguwar ƙarfin a hankali take zuwa, direba yakan saba da ita bai lura ba.

Shiri kafin saiti

Ana fara duba kontak kafin a taɓa taimin, domin duk sauyin tazararsa yana sauya lokacin wuta. A yawancin injinan silinda huɗu tazarar kusan milimita 0.4 ce idan ya buɗe iyakarsa, kuma ana auna ta da siraran ƙarafan awo masu kauri daban-daban. Idan bakinsa ya ƙone ko ya yi rami, sai a sauya shi tare da kwandensa. Wanda ya saita taimin sannan ya gyara kontak ya rushe aikinsa.

Bayan haka a duba fulogi da wayoyinsu, da murfin distiributa ko ya tsage, da rota. A girgiza sandar distiributa a ji ko tana wasa. A murɗa rota kaɗan da hannu a saki: idan bai dawo ba, ƙarafan ciki sun cije ko sifirin ya mutu. A zuƙi tiyon gwangwanin gefe: idan iska tana wucewa, fatar ta fashe.

Sai a nemo alamar taimin. Yawanci wata 'yar tsaga ce a jikin fulin karanshaf, da ƙarfe mai lambobi ko tsini a jikin inji. A wasu motocin alamar tana jikin fulawil, ana leƙa ta ta wani rami. A Peugeot 404 ana zura ƙarfe mai kaurin milimita 8 ta ramin da ke jikin gidan kuloci har ya faɗa tsagar fulawil. Ana goge alamar a shafa mata alli.

Dole kuma a san silinda ta ɗaya da jerin wuta. Yawancin injinan silinda huɗu suna bin 1-3-4-2, amma Beetle tana bin 1-4-3-2. A injinan Peugeot da yawa ana fara ƙirga silinda daga ɓangaren fulawil, saɓanin yadda aka saba a motocin Japan.

Saiti da kwan fitila

Wannan hanya ana yin ta inji yana kashe, kuma ta dace da distiributa mai kontak. Kayan aikinta sifana ne da ƙaramin kwan fitila na volt 12 mai waya biyu.

1. A sa mota a furi, a ja birkin hannu, a sa wa taya waigi.
2. A cire fulogin silinda ta ɗaya, a toshe ramin da babban yatsa, a juya inji ta inda ya saba juyawa har a ji iska tana turo yatsa. Wannan shi ne zangon matsi.
3. A ci gaba da juyawa a hankali har alamar ta zo daidai digirin da kamfani ya faɗa. Rota zai kasance yana kallon wayar silinda ta ɗaya.
4. A sassauta notin da ke riƙe distiributa.
5. A haɗa waya ɗaya ta kwan da ƙafar kwayil mai zuwa distiributa, ɗayar kuma a jikin inji. A murɗa makulli ba tare da an yi kik ba.
6. A murɗa jikin distiributa ta inda rota yake juyawa har kwan ya mutu, sannan a dawo da shi a hankali har kwan ya kama. Inda ya kama nan kontak ya buɗe.
7. A ɗaure notin, a juya inji zagaye biyu, a tabbatar kwan yana kamawa a daidai alamar.

Ba a barin makulli a kunne na dogon lokaci inji yana kashe, saboda kwayil yana ɗaukar zafi. Idan an gama mota ta ƙi tashi tana harbi ta kafireta, galibi an saita ta ne a zangon hayaƙi maimakon na matsi, ko an musanya wayoyin fulogi.

Saiti da fitilar taimin

Fitilar taimin tana walƙiya duk lokacin da fulogi na ɗaya ya ba da wuta, sai alamar da ke juyawa ta zama kamar a tsaye take. Ana barin inji ya yi zafi, a daidaita silo, a cire tiyon gwangwanin gefe a toshe shi idan littafin motar ya ce a yi haka. Sai a maƙala fitilar a wayar fulogi na ɗaya, a haska alamar, a murɗa distiributa har ta zo wurinta. Murɗawa saɓanin juyawar rota yana kai wuta gaba, bin juyawarsa yana mayar da ita baya.

Fifikon wannan hanya shi ne tana nuna abin da ke faruwa inji yana aiki. Idan aka ba da wuta, alamar ya kamata ta matsa gaba sumul, ta dawo idan an saki. Idan ba ta motsa ba, ƙarafan ciki sun cije. Idan tana tsalle-tsalle, sandar distiributa ta cinye ko sarƙar taimin ta saki.

A ƙarƙashin walƙiyar, fanka da fanbel ma sukan yi kamar sun tsaya, alhali suna gudu. Hannun riga mai faɗi, ko rawani, ko wayar fitilar kanta, suna iya shiga ciki.

Saiti da kunne da gwaji a hanya

A garejin da babu fitila, hanyar da aka fi bi ita ce a tayar da mota, a murɗa distiributa har ƙarar inji ta kai inda ta fi tashi, sannan a dawo da shi kaɗan. Gogaggen bakanike yakan kusanci daidai da haka. Matsalar ita ce injin da ke silo ba kaya yana son wuta ta yi gaba fiye da yadda zai iya ɗauka idan an yi masa lodi. Motar da ta yi daɗin ji a gareji tana iya fara ƙwanƙwasa a hawan farko.

Shi ya sa kowace hanya aka bi ake ƙarewa da gwaji. Idan inji ya yi zafi, a sa babbar giya ana tafiyar kilomita 40 zuwa 50 a awa, a taka totur har ƙasa. Idan ƙwanƙwasa ta ɗore, a mayar da wuta baya da kamar digiri 2 a sake gwadawa. Motar kaya ana gwada ta da kaya, ba wayam ba.

A Ikara da Maƙarfi da Kudan

Waɗannan ƙananan hukumomi uku yankin noma ne. Maƙarfi ta yi suna da rake da mazarƙwaila, Kudan da hedikwatarta Hunƙuyi da Ikara kuma da tumatir da barkono da masara. A-kori-kura da J5 da tsofaffin motocin haya su ne suke fito da kaya daga ƙauyuka zuwa kasuwanni da bakin babbar hanyar Zariya zuwa Kano ta wajen Tashar Yari. Aikin nasu ya haɗa abubuwan da suka fi jawo ƙwanƙwasa: lodi mai nauyi, tafiya a hankali a hanyar burji, da zafin bazara na watannin Maris da Afrilu. Man da ake saya a galan a bakin hanya kuma ba kullum ingancinsa yake ɗaya ba. Saboda haka motar da ke wannan aiki ta fi aminci idan ba a kai wutarta gaba har iyaka ba.

Yanayi ma yana taɓa kayan wuta. Ƙurar hunturu tana shiga distiributa ta hanzarta cinyewar dunduniyar kontak, shi ya sa ake ɗiga mata ɗan giris. Da damina laima tana kwanciya a cikin murfi, wuta ta riƙa tsallake-tsallake, mota ta yi kamar taimin ne ya goce alhali gogewa kawai take buƙata.

Kayan gyara yawanci daga Sabon Garin Zariya ko Ƙofar Ruwa ta Kano suke zuwa, sababbi da na hannu. Distiributan wata mota yana iya shiga ramin wata daidai, amma sifirin da ƙarafansa an yi su ne don wani inji dabam. Irin wannan yakan yi daidai a silo ya kauce a gudu, kuma fitilar taimin ce kawai take nuna hakan.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuma kuɗin mai ya zama babban abin da ke cin ribar direba. Ga mai ɗaukar tumatir akwai ƙarin haɗari, domin kwandunan da suka yini a rana saboda mota ta tafasa a hanya darajarsu ta faɗi kafin su isa kasuwa. Kuɗin kontak da kwandensa da aikin saiti bai kai ko kusa da na sauke inji ba. Motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas kuma suna buƙatar sabon saiti, saboda gas ya fi fetur jure matsi amma ya fi shi jinkirin kamawa, don haka yana son wuta ta ƙara yin gaba.

Injinan da ba a saita su haka

Motocin da suka biyo baya, kamar Golf 3, suna da distiributa amma babu kontak a ciki, sensa ce take aikinsa. Ba a saita su da kwan fitila, kuma a wasunsu sai an bi matakin da kamfani ya tsara kafin kwamfutar motar ta bari a ga ainihin taimin. Sababbin motoci ba su da distiributa sam. Kwamfuta tana karanta juyawar karanshaf, wata sensa kuma tana sauraron ƙwanƙwasa ta sa a ja wuta baya nan take. Yawancin babura da injinan ban ruwa na fadama taimin ɗinsu a kafe yake, ɗan makullin ƙarfe da ke riƙe fulawil ne yake tsayar da shi, kuma ba ya gocewa sai in makullin ya karye. Injin dizal, irin na manyan motoci da taraktoci, ba shi da fulogin tartsatsi. Zafin matsi ne yake kunna mansa, kuma abin da ake saitawa a cikinsa shi ne lokacin da famfo yake fesa mai.